Giɓin Ganuwar Ruwa

A cikin sarakunan da suka hau gadon Birnin Ƙirya, babu wanda rani ya wahalar kamar Sarki Ƙosau. Garin na da ganuwar da fatake ke kai labarinta ƙasashen nesa, yana da maharba da dakaru, amma da zarar kaka ta wuce sai gulbin Goriba ya ƙafe ƙaf, mata su duƙufa tonon yashi suna jiran ruwa ya tsattsafo cikin ƙoƙo. Da damina kuwa gulbin ya cika ya batse, ya bi ta gefen gari ya kai arzikinsa ƙasar Dagazau, can gangare, inda ake noman rake da albasa a fadama ana yi wa mutanen Ƙirya dariya.

Wanda ya fara tunanin tare ruwan nan shi ne Sarkin Gini Tunau, shugaban maginan gari. Mutum ne mai hannu, mai basira, mai kuma son a yabe shi, kuma wannan na ƙarshe ya ɗan fi sauran yawa. Ya daɗe yana lura da inda gulbin ke matsewa tsakanin duwatsu biyu. Ya fara gwadawa a wani ɗan rafi, ya datse shi da ƙasa, damina ta zo ruwa ya haura ta sama ya cinye aikin a yini ɗaya. A nan ya koyi abin da ya zame masa tushen sana'a: ruwan da aka tare, dole a bar masa hanyar da rararsa za ta bi, in ba haka ba shi zai zaɓi hanyar da kansa.

Matsalarsa ita ce ma'aikata. A al'adar Ƙirya ba a kiran gayyar gari duka sai don aikin ganuwa. Tunau ya je fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce wa Sarki abin da zai gina ganuwa ce kamar kowace ganuwa, sai dai abokin gāban da za ta tare shi ne ƙishirwa. Maganar ta yi wa Sarki daɗi, aka buga shela, kowace unguwa ta fito da rabonta. Tunau ya koma gida yana yaba wayonsa, ya yi ta ba abokai labari har suka gaji da ji.

Aka tona gindi har aka iske dutse. Aka zuba yumɓu a tsakiya, aka kora shanu a kai suka tattake, aka sake zubawa aka sake tattakewa. Fuskar da ke kallon ruwa aka jera mata manyan duwatsu. Bayan kuwa mata ne suka yi masa daɓe irin na ɗaki, suna yayyafa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, suna dukansa da madaɓi har ya yi ƙyalli. Shugabar matan ita ce Yada, yayar Tunau, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma har ya yi furfura ba ta daina kiransa Auta ba. A kafaɗar dutsen gabas Tunau ya sa aka sassaƙe giɓi mai faɗi, ƙasa da kan ginin, domin in tafkin ya cika rarar ta bi ta nan ta koma gulbi. Magina da iyalansu suka tare a gindin madatsar saboda lambu, wurin ya zama Unguwar Gangare, Yada ma can ta kafa gidanta.

Shekaru suka shuɗe, Ƙirya ta ƙoshi, Dagazau ta fara ramewa. Rarar damina na isa gare su, amma ruwan da ke jiƙa musu fadama bayan ɗaukewar ruwan sama ya tsaya a tafkin Ƙirya. A farkon wata damina sai ga jakadan Sarkin Dagazau a fada, dattijo mai farin gemu, ya ƙi ko da shan ruwan baƙunta.

Ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangidana ya ce in gaishe ka, in tuna maka cewa kakanninku sun sha gulbin nan tare, babu wanda ya ɗaure shi. Ya ce ko dai ka sake shi kafin marka, ko kuwa ya zo da kansa ya kwance shi da mashi.”

Sarakunan gari suka ɗauki magana. Galadima, wanda tsufa ya sa ya fi son zaman lafiya, ya ba da shawarar a riƙa sakar musu wani kaso da rani a huta. Madawaki Jatau, shugaban mayaƙa, ya ce wanda aka ba kaso bana, baɗi duka zai nema. Aka yi ta ja har rana ta karkata, daga ƙarshe Sarki ya ɗaga hannu, aka sallami jakada ba tare da kyauta ba, aka buga tambarin yaƙi.

To, ga al'adar Ƙirya tun kaka da kakanni: in tambari ya yi kuka, duk wani giɓi da ke jikin ganuwa sai an toshe shi, kowace unguwa ta gyara rabonta, wanda kuwa ya buɗe giɓi kafin a kwance yaƙi, kansa ne fansa. Madawaki ya daɗe yana jin haushin yadda maroƙa ke ambaton Sarkin Gini kafin su ambace shi. Sai ya juya a hankali ya ce akwai giɓi guda da ba a yi maganarsa ba, wanda ta cikinsa ake shayar da dawakin abokan gāba.

Tunau ya ce wannan giɓin hanyar ruwa ce, in aka toshe shi tafkin ba shi da mafita. Madawaki ya yi murmushi.

“Sarkin Gini, ka faɗa wa Zaki a gaban jama'a. Abin nan da ka gina, ganuwa ce ko ba ganuwa ba ce? In ganuwa ce, dokar ganuwa ta hau kanta. In ba ganuwa ba ce, to da sunan me ka fitar da gari duka aikin gayya?”

Tunau ya ga in ya ce ba ganuwa ba ce, ya amsa da bakinsa cewa ya yaudari Sarki, rawaninsa ya tafi, wataƙila da kan da ke ciki. Ya san amsar gaskiya sarai, tana nan a kan harshensa. Ya sunkuyar da kai ya ce ganuwa ce, ranka ya daɗe. Sarki ya tambaye shi ko za ta riƙe in an toshe, ya ce za ta riƙe da yardar Allah.

Kafin mako ya zagayo an cika giɓin da tubali da duwatsu, an shafe shi tsaf. Mutanen Ƙirya gwanayen ganuwa ne, sun yi aikin da kyau ƙwarai, ko ɗigo bai wuce ba. Gulbin da ke ƙasa ya bushe a tsakiyar damina, ya zama shimfiɗaɗɗen yashi. Matasa suka yi ta murna wai an shaƙe Dagazau. Tunau kuwa abinci ya daina yi masa ɗanɗano, duk hadarin da ya haɗo a gabas sai ya fita ya duba tafkin.

Marka ta sauka. Ruwan tafkin ya wuce tsohuwar alamarsa, ya rufe duwatsun da ba a taɓa ganin ya taɓa ba. Tururuwa suka fara kwashe ƙwayayensu daga gindin madatsar suna hawa dutse, tsofaffi suka ce alamar nasara ce, domin a lokacin yaƙi kowace alama ta nasara ce. Wata safiya Tunau ya zagaya bayan ginin shi kaɗai, ya iske daɓen ya yi duhu a wuri guda, ruwa na tsattsafowa. Ya tara hannu ya duba. Da ruwan garau yake da ya ɗan sami natsuwa, amma ja ne, launin yumɓun da suka tattake a tsakiya. Ginin na zubar da cikinsa ke nan.

Bai tafi fada ba, kunya da tsoro suka hana shi. Ya nufi zauren Madawaki, ya roƙi a ba su wuri, ya faɗa masa komai: ko a buɗe giɓin yau, ko a kwashe mutanen Gangare. Ya zaci Madawaki zai yi fushi. Sai ya ga idon mutumin ya yi haske irin na mafarauci da ya ga sawu.

Madawaki ya ce 'yan leƙen asirinsa sun kawo labari rundunar Dagazau ta taso, kuma daji duk ya zama taɓo, babu hanyar da dawaki za su bi sai busasshen gulbi. Sun fi Ƙirya yawa nesa ba kusa ba, in aka gwabza a fili garin ya tafi. Amma in suka shigo tsakanin duwatsun, aka sakar musu tafkin a kai, yaƙi ya ƙare kafin azahar. Sharaɗin kawai kada su yi zargi. Su ma suna da masu leƙe, in suka ga Gangare ta watse za su gane, su hau tudu.

“Hayaƙin girki ya ci gaba da tashi a unguwar nan,” in ji Madawaki. “Ranar da suka shigo zan aika mahayi a kwashe kowa, sannan in ɗaga maka jar tuta ka fasa. Kafin nan, ko matarka kada ta ji. Ka rantse.”

Tunau ya san ruwa ba ya jiran tuta. Ya kuma san in ya ƙi, Madawaki zai kai shi gaban Sarki a matsayin wanda ya yi ƙarya sau biyu. Ya gaya wa kansa cewa ai gari duka ake ceto, ya gaya wa kansa ginin zai iya kai wa ranar, ya gaya wa kansa abubuwa da dama, duk cikinsu babu wanda ya gaskata. Ya dafa takobin Madawaki ya rantse.

Da la'asar ya gangara unguwar. An kwashe mazan Gangare zuwa sansani, saura mata da tsofaffi da yara. Ko'ina ya bi ana gaishe shi ana sa masa albarka, kowace gaisuwa sai ya ji kamar an mare shi. Ya iske Yada a tsakar gida tana jiƙa makuba a babbar tukunya. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura da hannunta, ta yi masa tsiyar cewa rawani ya sa ya manta hanyar gidan da aka yi masa wanka. Ya kai ludayi baki, ya mayar da shi bai sha ba.

Ya ce mata uwargidansa ba ta da lafiya, zazzaɓi ya kwantar da ita, yana so ta zo birni ta zauna da ita kwana biyu. Lafiyar matar ƙalau, a hanya ya ƙirƙiro maganar. Yada ta yi salati, ta ce za ta nemo sassaƙe ta haɗa magani ta zo. Sannan ta dube shi da kyau.

“Auta, mata sun ce bayan ganuwar nan ya jiƙe. Hankalinsu ya tashi, na ce su bari in tambaye ka, kai ka gina ta. Za ta riƙe?”

Ya dubi tukunyar makuba, ya dubi ƙofar gida, ya dubi ko'ina ban da fuskarta. “Za ta riƙe, Yaya. Daɓen ne kawai ya tsage.”

“To, alhamdu lillahi,” in ji ta. “In daɓe ne, ai da sauƙi.”

Ya fita bai waiwaya ba. A hanya ya yi ta lallashin zuciyarsa cewa aƙalla ita za ta taho birni, kamar sauran matan da ya wuce suna daka ba su da ƙanne.

Rundunar Dagazau ta iso da sassafe bayan kwanaki kaɗan, a ranar da aka wayi gari da yayyafi. Tunau na kan dutsen gabas da wasu magina riƙe da dagi na fasa gini, suna jiran jar tuta. Daga nan yana ganin komai. Ya ga rundunar ta cika gulbin daga gaɓa zuwa gaɓa, 'yan lifida a gaba, dakaru da maharba a baya, kakaki na tashi. Ya ga maharban Ƙirya sun tare su a bakin kwazazzabo, kibau suka yi ta zuba, dawaki na faɗuwa a yashi. Aka haɗu da takubba, aka ɗan jima ana sara, sai mutanen Madawaki suka juya da gudu suna hawa tudu kamar an karya su. Mayaƙan Dagazau suka yi kururuwa suka danno cikin matsatsin.

Tunau ya juya ya dubi hanyar da ta tashi daga sansani zuwa Gangare, inda mahayin zai bi. Hanyar fayau take, ko jaki babu. Hayaƙi na tashi daga gidaje kamar kullum. Sai a lokacin kunnensa ya kama wani sauti a ƙarƙashin hayaniyar yaƙi, sautin da ya sani tun yana goye: dukan madaɓi, a tare, bi da bi.

Ya matsa bakin dutsen ya leƙa. Matan Gangare ne jere a bayan madatsar, sun durƙusa a kan wurin da ya jiƙe, suna yayyafa makuba suna daɓe. Abokan gāba sun iso, dokar ganuwa ta ce kowace unguwa ta gyara rabonta, su kuma wannan ne rabonsu. A tsakiyarsu ga wata mai jan ɗankwali tana ba da amo, bai buƙaci a gaya masa ko wace ce ba.

Ya yi ihu iyakar ƙarfinsa, ya tuɓe rawaninsa yana kaɗawa, rantsuwa ta fita daga kansa a lokacin da ba ta da sauran amfani. Iska ta kwashe muryar. Wata daga cikinsu ta ɗago ta hango shi, ta ɗaga masa madaɓi tana gaishe shi. Babu wanda ya ɗaga tuta, babu dagin da ya taɓa ginin. Tsakiyar madatsar ta lotsa a hankali, sannan ta buɗe, aka ji ƙara kamar tsawa ta faɗo ƙasa.

Ruwan ya share matan, ya share Unguwar Gangare da lambunanta, ya shiga kwazazzabo ya haɗu da rundunar Dagazau. Doki da mahayi, tuta da kakaki, duk ya naɗe su ya yi gangare da su. Waɗanda suka tsira suka jefar da makamai suka kama duwatsu, mutanen Madawaki suka sauko suka kame su kamar kaji. Kafin azahar yaƙi ya ƙare, kamar yadda Madawaki ya faɗa.

Tunau ya yini a bakin laka yana tono da hannu, bai sami Yada ba. Washegari dogarai suka zo suka ce Sarki na kira. Ya tafi da rawaninsa a hannu, ya shirya maganarsa tsaf: zai faɗi komai tun daga ranar da ya kira madatsa ganuwa, a sare kansa a huta. Har ya ɗan ji sanyi a ransa da ya tuna takobin hauni, mai sare kai.

Fada ta cika maƙil. Kafin ya buɗe baki Madawaki ya tashi, ya yi jawabi mai tsawo, ya ce shi da Sarkin Gini suka ƙulla dabarar a asirce, Sarkin Gini ya auna ruwan ya sake shi daidai lokacin da abokan gāba suka shigo tarko. Jama'a suka ɗauki kabbara. Sarki Ƙosau ya jira aka yi shiru, ya tambayi batun mutanen Gangare. Madawaki ya sunkuya ya ce an aika mahayi, ruwa ne ya riga shi.

Sarki ya juyo da fuskarsa. “Sarkin Gini, haka aka yi?”

Tunau ya ɗago. Ga mazan Gangare a bakin fada, maginansa, sun dawo daga yaƙi sun tarar ba gida ba iyali, duk sun zuba masa ido, kuma abin da ke cikin idon nasu tausayi ne, don sun san shi ma ya rasa yayarsa. Ya nemi maganar da ya shirya, ya rasa inda ta shiga.

“Haka aka yi, ranka ya daɗe.”

Sarki ya sa aka yafa masa alkyabba, aka sake naɗa masa rawani, aka ba shi doki da mazauni kusa da Galadima, aka kuma umarce shi ya sake gina ganuwar ruwa bayan damina, ta fi ta da tsawo. Maroƙa suka rako shi waje suna kiransa mai ɗaure gulbi da kwance shi. Madawaki ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane kamar ɗan'uwa.

A ƙofar fada wata tsohuwa ta tare shi, tana dogara sanda. Ya gane ta, Iya Hakama ce, maƙwabciyar Yada. Ta yi masa ta'aziyya, ta ce ita kaɗai ta rage a layinsu, kuma Yada ce sanadi. A safiyar yaƙin Yada ta riga ta ɗaure kayanta za ta taho birni, sai aka ce abokan gāba sun iso. Ta ajiye kayan ta ce Auta ya ce daɓe ne kawai ya tsage, bari su gyara kada baƙi su zo su ga aibi a aikinsa. Da yake Iya Hakama ba ta da ƙarfin riƙe madaɓi, sai Yada ta aiko ta gaba da saƙo, ta iske an rufe ƙofar gari, ta kwana a tudu.

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wani ɗan ƙulli ta miƙa masa. Sassaƙe ne da saiwoyi, an ɗaure su da zaren da ya san na Yada ne.

“Ta ce a tafasa da jar kanwa, a sha safe da yamma,” in ji tsohuwar. “Ya jikin uwargidan?”

Tunau ya karɓi ƙullin da hannu biyu. Maroƙa na jira ya hau doki.

“Da sauƙi,” in ji shi.